Fitila a bayan akwatin sono, don kada ampili ya ƙone a duhu

Duk wanda ya taɓa zuwa bikin aure da dare a karkarar Maraɗi ko Damagaram ya san wannan: ana tsakar kiɗa sai sauti ya ɗauke, sai ka hangi mai sono durƙushe bayan akwatin kayansa, salula a baki tana haskawa, hannuwa biyu cikin igiyoyi yana lalube. Mu ma nan gidan rediyo, in muka fita da kaya ƙauye, mun sha yin haka.

Gaban akwatin yana da ƴan fitilunsa masu ƙyalƙyali, amma aikin duk a baya yake. Can ne igiyar wutar lantarki mai volt 220 take shiga, can igiyoyin lasifika suke fita, can na makirufo suke haɗuwa, duk kusa da juna. A duhu kuwa kowace igiya baƙa ce. Tsiraran wayoyin lasifika biyu in suka taɓa juna ampili yana kunne, suna iya ƙona shi. Ampili kuma shi ne jarin mai sono. In ya ƙone, an tashi biki, an kuma tashi sana'a sai an samu kuɗin gyara.

To, maganin ba wani mai tsada ba ne. Akwai zaren ƙananan fitilun nan da ake cewa led, irin wanda ake ƙawata shaguna da shi, mai aiki da volt 12 kamar batirin mota. Faɗin na'urorin da ake jerawa a akwatin wajen santimita 48 ne, saboda haka mita ɗaya ya ishi ƙaramin akwati: rabi a rufin baya daga ciki, sauran a gefe. A sa shi yana kallon ramukan igiyoyi, ba idon mai aiki ba. Kada a yanke shi ko'ina, sai inda aka yi alamar almakashi, galibi bayan kowane ƙwai uku. Jar waya ta tafi wajen alamar +, baƙa wajen alamar −. In aka juya, ba zai kama ba, sai a mayar.

Abin da muka fi so jama'a su riƙe shi ne inda fitilar za ta sha wuta. Mutane da yawa sukan jona ta wuri ɗaya da ampili. Ka ga ke nan in an ɗauke wuta, ko man injin ya ƙare, ita ma ta mutu daidai lokacin da ake neman ta. A ba ta ƙaramin batirinta na daban. Irin zaren da aka fi samu yana cin wajen wat 5 ne a mita ɗaya, bai kai rabin amfiya ba, don haka batirin babur mai lafiya ya kai ta asuba. A sa makunni, a kuma sa fiyus na amfiya ɗaya ko biyu dab da batirin. Kada a raina fiyus ɗin nan: batir ƙarami ne, amma in wayoyinsa suka haɗu sai su yi ja, akwatin kuma yawanci katako ne.

Batir yana da wani amfanin. Ƙananan caja masu araha, da abin rage haske, sukan jefa wani zuuu cikin lasifika wanda mai sono zai yini yana neman tushensa. Batir ba ya yin haka. Duk da haka a nisanta wayar fitila da igiyar makirufo. In dole su haɗu, su gitta juna, kada su yi tafiya a jere.

Gam ɗin da ke bayan zaren kada a dogara da shi. Zafin watan Afrilu da na ampili, ga ƙurar hunturu, ba da jimawa ba zai saki, zaren ya zubo kan igiyoyi. A ɗaure shi da ƴan maɗauran roba ko a kafe shi da kyau, kuma kada ya tare ramukan da fankar ampili ke shan iska. Wajen launi, mu dai mun fi son mai ruwan ɗorawa a kan fari fat, don da damina farin haske ya fi kiran ƙwari, ba ka so shinge su cika maka bayan akwati.

Ƴan uwanmu da ke waje masu aiko wa ƙannensu kayan sauti, ga naku. Wutar gidajen Amurka volt 120 ce, tamu 220. Wasu na'urorin suna da ɗan maɓalli a baya da aka rubuta 115 da 230, ƙarami ne, da rana ma sai an duba da kyau. In aka jona shi nan yana kan 115, yana iya ƙonewa nan take. Ku juya shi zuwa 230 kafin ku rufe kwali, ku liƙa takarda a kai, sannan ku jefa zaren led mita ɗaya ko biyu a ciki.