Hawan Jinin Ido: Ciwon da Ba Ya Yin Sallama

Ya kai maigida, ko kana Daura, ko Zango, ko Baure, ko Sandamu, ko Mai'adua, ka karanta wannan, ka kuma karanta wa iyalinka.

Akwai wani ciwon ido da likitoci ke kira gilakoma, watau hawan jinin ido. Ba yanar ido ba ce. Yana ana cire ta a asibiti, mutum ya koma gani. Amma ganin da gilakoma ta ɗauke ba ya dawowa.

A binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007, an tarar kusan mutum 5 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 suna da ita. Galibinsu kuwa ba su sani ba. Bayan yana, ita ce ta fi makantar da mutane.

Yadda ciwon yake

A cikin ido akwai ruwa da kullum ake yi, kullum yana fita ta wata ƙaramar hanya. Ka san abin da ke faruwa in indararo ya toshe da damina. Haka nan ido. In hanyar ta toshe, ruwan ya taru, ya danne jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa. Wannan jijiya tana da zare sama da miliyan ɗaya. Wanda ya mutu ya mutu ke nan.

Har wa yau, akwai wani sinadari mai suna gulutamet, wanda jijiyoyin ido ke aika saƙo da shi. Misalinsa kamar taki ne. Kaɗan yana da amfani, in ya yi yawa sai ya ƙone shuka. Masana sun nemi maganin da zai kare jijiya daga wannan ƙuna. An gwada wani mai suna memantine, amma sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna bai tsayar da ciwon ba. To, hanyar da ta tabbata ita ce rage matsin ruwan nan.

Maganin da ake bayarwa

Wani enzayim ne, watau sinadarin da ke gaggauta aiki a jiki, yake taimakawa wajen yin ruwan idon. Tun 1954 likitoci ke amfani da ƙwayar Diamox don ta dakushe shi, ruwan ya ragu. Daga baya aka sami na ɗigawa mai aiki iri ɗaya, dorzolamide. Akwai kuma timolol, da aikin tiyata. Diamox yakan sa yawan fitsari da tsikarar yatsu, saboda haka kada ka sha sai likita ya rubuta maka.

Abin da za ka yi

1. In ka kai shekara 40, je a auna idonka, ko ba ya ciwo. Ciwon yana fara cin gani ne daga gefe, ba ka sani ba.
2. In an sami ciwon ga iyayenka ko 'yan'uwanka, ku tafi duka.
3. Fara da asibitin gwamnati da ke Daura. In da bukata, za a tura ka Katsina, ko asibitin ido na ECWA a Kano, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.
4. Ɗiga magani kullum. Kada ka bari don ka ga gani bai ƙaru ba. Aikinsa tsare wanda ya saura ne.
5. Da azumi, tambayi likita yadda za ka ɗiga da sahur da bayan shan ruwa.
6. Kada ka sayi maganin ɗigawa a kasuwa ko kemis da ka. Waɗansu suna ƙara matsin ido.
7. Kada ka yarda mai yawo ya taɓa maka ido da allura.

Uwargida, ke ma wannan magana taki ce. In kin ga tsoho yana tuntuɓe da kaya a tsakar gida, ki sa a kai shi asibiti tun da sauran gani.