Fumfunar da ke kama aksolotil: Abin da ke jawo ta da yadda ake maganinta

A shekarar 2021 abubuwa biyu suka fito da wata ƙaramar dabbar ruwa ta ƙasar Meziko idon duniya. Wasan kwamfuta na Minecraft ya sanya ta cikin halittunsa, Babban Bankin Meziko kuma ya buga hotonta a sabuwar takardar peso 50. Sunanta aksolotil. Dangin kwaɗo ce mai siffar ƙadangare, tana rayuwa cikin ruwa har mutuwarta, tana numfashi da wata geza mai reshe uku-uku a gefen kanta. Daga nan kasuwarta ta buɗe a Amurka da Turai, mutane suka riƙa sayen ta suna ajiyewa a tankin gilashi, da yawansu ba su san abin da take buƙata ba. Ɗaya daga cikin cututtukan da suka fi addabar ta a hannun masu kiwo ita ce fumfuna.

Alamar ba ta ɓuya. Wani farin abu ne kamar jiƙaƙƙiyar auduga yake tsirowa a kan gezar, ko a bakin wani rauni, ko a ƙarshen wutsiya. Galibi ƙwayar da ake kira Saprolegnia ce ke haddasa shi. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa a Najeriya sun san aikinta ko da ba su san sunanta ba, domin ita ce ke lulluɓe matattun ƙwai da farin gashi, ta kuma yaɗu zuwa masu rai.

Abin da masu kiwo suka fi kasa ganewa shi ne, wannan ƙwaya tana nan a kusan kowane ruwan daɗi, kuma ba kasafai take iya kama lafiyayyar dabba ba. Sai garkuwar jiki ta yi rauni take samun ƙofa. Babban mai raunana aksolotil kuwa zafi ne. Asalinta magudanan ruwan Sochimilko ne a birnin Meziko, mai tsayin fiye da mita 2,200 daga matakin teku, saboda haka ruwan da ya dace da ita digiri 16 zuwa 18 ne a ma'aunin salshiyos. Idan ya kai 24 ya kuma daɗe a haka, ranta na cikin haɗari. Wanda ke sha'awar kiwonta a Kano ko Sakkwato, inda zafin bazara kan haura digiri 40 ga kuma ɗauke wuta, sai ya fara lissafin na'urar sanyaya ruwa kafin kuɗin dabbar. Bayan zafi sai ƙazantar ruwa: sinadarin amoniya da ke taruwa daga kashi da ragowar abinci yana ƙona fata. Akwai kuma cizo, domin idan aka cunkusa su wuri ɗaya suna gutsurar ƙafafu da gezar juna.

Magani yana farawa ne daga ruwa. Ana fitar da marar lafiyar zuwa wata roba mai tsafta da ruwan sanyi wanda aka cire wa kulorin, a riƙa canza ruwan gaba ɗaya kullum, a kuma auna na tankin a gyara abin da ya ɓaci. Idan fumfunar ba ta yi nisa ba, sau da yawa wannan kaɗai kan sa ta saki. Wasu na ƙarawa da wankan baƙin shayi, ba sukari ba ƙamshi, bayan ya huce sarai an kuma sirka shi, saboda sinadarin tanin da ke cikinsa.

Wankan gishiri shi ne aka fi yin gardama a kai. Abin da aka saba shi ne cokalin shayi 2 zuwa 3 na gishirin da ba shi da aidin a lita ɗaya, na minti 10 zuwa 15, sau ɗaya ko biyu a rana. Yana kashe fumfuna, amma yana kuma cin geza da yauƙin da ke kare fata idan aka wuce ƙa'ida. A ganina bai kamata ya zama matakin farko ba.

Haɗari mafi girma yana kan kantar mai sayar da magungunan kifi. Fatar aksolotil tana zuƙar abin da ke cikin ruwa kai tsaye, don haka maganin da kifi ke jurewa na iya kashe ta. Duk wanda ya ƙunshi jan ƙarfe ko koren sinadarin malakait a guje masa. Shuɗin metilin ana amfani da shi, amma da awon da ya gaza na kifi, kuma an fi so likitan dabbobi ya ƙayyade shi.

Idan kwana biyu ko uku suka wuce farin yana ƙaruwa, ko dabbar ta daina ci, ko fatar ta fara gyambo, to a kai ta ga likita. Akwai cutar bakteriya mai suna kolumnaris wadda a ido take kama da fumfuna. Gezar da cuta ta cinye kan sake tsirowa a hankali cikin makonni, muddin ruwan ya zauna da sanyi da tsafta.