"Ai Muryarsa Ce": Hujjar da Ba Ta Wanke Mai Saka Odiyo a Rediyo

Da an idar da sallar isha'i a Kafin Hausa, ko Bulangu, ko Auyo, babu abin da ke tara maza a teburin mai shayi kamar filin siyasa na rediyo. Manomin da ya yini ban ruwan shinkafa a fadama, da ɗan acaɓa, da malamin firamare, duk za ka tarar sun kewaye wata 'yar rediyo ana laluben tashar Haɗejiya ko ta Dutse, in iska ta yi kyau har da na Kano. Wannan ba abin ƙi ba ne. Tun da Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003, tashoshi masu zaman kansu suka yawaita a Arewa, talaka ya sami inda zai ce wa mai mulki ya yi ba daidai ba. Sai dai wata mummunar ɗabi'a ta biyo bayan alherin. Sojan baka zai sayi mintunansa, ya zauna gaban makirufo, ya gama yi wa uban gidansa kirari, sannan ya ce yau ya zo da odiyo. Sai ya zaro waya ya kara, jama'a su ji muryar wani abokin hamayya yana hira da amininsa, ko saƙon muryar da ya tura wa mutum ɗaya tak a WhatsApp. Kafin asuba sautin ya zagaye gari. In ka ce wannan bai dace ba, amsa ɗaya za a ba ka: "Ai muryarsa ce, shi ya faɗa da bakinsa."

Wannan amsar ce ta gundure ni, domin ta yi kama da gaskiya har masu ilimi na maimaita ta. A ɗauka muryar tasa ce, babu ragi babu ƙari. To da wa ya yi maganar? Wanda ya hau mumbarin taro a filin kamfen ya san dubban kunnuwa na jin sa, kuma duk abin da ya furta na jama'a ne, a saka shi sau ɗari. Wanda ya kira abokin tafiyarsa cikin dare yana kukan an yi masa butulci, kunne ɗaya ya ba wa maganarsa, bisa amincewar cewa a nan za ta tsaya. Gaskiyar abin da ya faɗa ba ta mayar da amana ta zama kayan talla. Likita ma gaskiya ya sani game da cutar majinyacinsa, amma ba wanda zai yarda ya shiga rediyo ya karanta ta don kawai ba ƙarya ba ce. Addininmu ya rufe wannan ƙofa tun da wuri. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta haɗa leƙen asirin mutane da giba ta hana su tare, kuma malamai sun bayyana cewa giba da gaskiya ake yin ta, in ƙarya ce ta zama ƙazafi. Akwai kuma hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, mai nuna cewa idan mutum ya yi maka magana yana waige-waige, to maganar ta zama amana a wuyanka. Ke nan mai cewa "ai shi ya faɗa" bai kawo uzuri ba, ya dai siffanta laifin da kansa ba tare da ya lura ba.

Sannan wa ya tabbatar muryar tasa ce, kuma haka hirar ta gudana? Hirar minti ashirin ce ake yanko daƙiƙa arba'in daga cikinta. Mutum zai ce, "Suna yawo da cewa mun ci kuɗin taki, alhali ko buhu ɗaya ba mu gani ba," sai a datse kai da wutsiya a bar "mun ci kuɗin taki". Yaron da ke ɗora waƙoƙi a waya a bakin tasha zai iya wannan ɗinki kafin shayinka ya huce. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira, wadda ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun sautinsa, kuma ɗan siyasa ya fi kowa barin sautinsa a fili. Ko a manyan batutuwan odiyo da ƙasa ta sani, gardama ce ke biyo baya. A watan Afrilun 2023 wata jaridar intanet ta saki sautin da ta ce hirar Peter Obi ce da Bishop David Oyedepo, Obi ya fito ya ce na bogi ne. A watan Mayun shekarar aka saki wata hirar waya da aka danganta ga Abdullahi Umar Ganduje, yana gwamnan Kano, da Ibrahim Masari, kan ganawar Bola Tinubu da Rabi'u Musa Kwankwaso a Faransa, gwamnatin Kano ta ce aikin masu haɗa husuma ne. Kotu kanta, a ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, sai an yi mata bayanin na'urar da ta samar da sauti da yadda aka ciro shi kafin ta karɓa. Abin da alƙali ke taka-tsantsan da shi, shi ne mai gabatarwa zai watsa wa jiha guda don wani ya rantse masa a bakin ƙofar situdiyo?

Akwai masu ƙara cewa ai sautin ya riga ya bazu a zaurukan WhatsApp, don haka ba sauran sirri. Kayan sata ba ya halatta don ya bi hannu goma. Kuma tasha ba zauren WhatsApp ba ce: tana da lasisi, tana da suna, kuma tsohuwar da ke ƙauye ba ta da babbar waya, amma ta yarda cewa abin da rediyo ta faɗa an tantance shi. Wannan yardar ce mai odiyo ke sayen ta da kuɗin fili. Ga kuma waɗanda ba ruwansu. A hirar sirri ana ambaton mata, da bashi, da rashin lafiya, da rikicin gado. A gari irin Kafin Hausa, inda kowa surukin wani ne, ba sai an faɗi suna ba, da jin "'yar wane da aka fasa aurenta" an gane gidan. Ɗan siyasar zai shanye, wataƙila ma ya koma jam'iyyar waɗanda suka fallasa shi a ci tuwo tare. Yarinyar ce za ta zauna da abin. Ga misalin wadda ba ruwanta amma abin ya faɗa kanta: a Ostireliya a watan Disambar 2012, wasu masu gabatar da shiri biyu sun kira wani asibitin Landan suna kwaikwayon Sarauniyar Ingila da ɗanta, suka naɗi bayanin jinyar matar Yarima William, tasharsu ta watsa. Bayan kwana uku aka tsinci gawar ma'aikaciyar jinyar da ta fara ɗaga wayar, ta kashe kanta. Su raha suka nufa.

Hujja mafi ƙarfi da masu adawa da wannan ra'ayi ke da ita ita ce: in an hana fallasa, ɓarayin gwamnati aka yi wa gata. Wannan magana tana da nauyi, kuma sashe na 22 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa 'yan jarida aikin bin diddigin masu mulki. Ba mai hankalin da zai ce a ɓoye sautin jami'in da ke cinikin kayan tallafin ambaliya, irin wadda ta cinye gonaki da gidaje a ƙasar Haɗejiya a 2022, don wai a waya ya yi cinikin. Kotun Ƙolin Amurka ma a 2001 ta wanke wani mai shirin rediyo da ya saka hirar wayar shugabannin ƙungiyar malaman makaranta biyu, wadda wani da ba a sani ba ya naɗa a ɓoye, bisa dalilin cewa batun ya shafi jama'a kuma ba da hannunsa aka yi satar sauraron ba. Amma a lura da sharuɗɗan. Abin da ya shafi jama'a daban, abin da jama'a ke marmarin ji daban. Kuɗin baitulmali, da maguɗin zaɓe, da shirin cutar da wani, hakkin mutane ne su sani. Ƙorafin ɗan siyasa kan wanda ya raina shi, ko zaginsa ga abokin tafiya cikin fushi, ko sha'anin gidansa, gulma ce kawai mai daɗin ji. A watan Oktoban 2018, da Jaafar Jaafar na Daily Nigerian ya wallafa bidiyon da ake zargin Ganduje na karɓar daloli daga 'yan kwangila, zargin da Ganduje ya musanta, Jaafar ya sa sunansa a kan aikin, ya kuma bayyana gaban kwamitin Majalisar Dokokin Kano ya amsa tambayoyi. Duk yadda mutum ya ɗauki wancan lamari, wannan shi ne nauyin da mai fallasa ke ɗauka. Sojan bakan da ba zai iya faɗin inda ya samo sauti ba, kuma uban gidan da ke biyan sa shi ne mai cin ribar fallasar, kada ya ari rigar ɗan jarida.

Doka kuma ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na tsarin mulki ya ambaci hirar tarho da sunanta cikin sirrin da aka lamunce wa ɗan ƙasa, kuma wanda aka keta wa wannan hakki na iya zuwa babbar kotu neman diyya. Sashe na 12 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara 2, ko tarar da za ta kai naira miliyan 5, ko duka biyun, ga wanda ya yi satar sauraron saƙon da ba na jama'a ba ta hanyar na'ura. Wannan ya fi shafar ɗan kutse na waje. Wanda da shi aka yi hirar ya naɗa ya fitar, shi da tashar suna iya haɗuwa da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda ta yi wa aikin jarida sassauci ne idan don maslahar jama'a aka wallafa. In kuwa an yanke sautin an sauya ma'anarsa, an faɗa ɓata suna, wanda kundin Penal Code da jihohin Arewa suka gada ya tanadar wa ɗaurin da zai kai shekara 2 a sashe na 392, ban da ƙarar neman diyya.

Wasu na ta murna wai kotu ta cire wa NBC, hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, haƙori. Abin da ya faru shi ne, a ranar 10 ga Mayun 2023 Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya soke tarar naira 500,000 da hukumar ta ci tashoshi 45 kowacce a 2019, ya ce ba ta da hurumin zama mai ƙara kuma alƙali. Hukunci ne mai kyau, ganin yadda aka riƙa cin tashoshi naira miliyan 5 bayan gyaran ƙa'idojin 2020, har da Trust TV a 2022 kan shirinta game da 'yan bindiga. Amma a kan tara ya tsaya. Bai taɓa hakkin wanda aka ɓata wa suna na shigar da ƙara ba. Kuma duk lokacin da masu makirufo suka kasa tsawata wa kansu, gwamnati suke ba wa sanda. A watan Mayun 2025 kwamishinan yaɗa labaran Kano, Ibrahim Abdullahi Waiya, ya sanar da dakatar da shirye-shiryen siyasa na kai tsaye, da sharaɗin baƙo ya sa hannu cewa ba zai ci mutuncin kowa ba. Masu kare 'yancin jarida sun ce wannan ba hurumin jiha ba ne, kuma sun yi gaskiya, sai dai zage-zagen da aka yi shekaru ana yi ne ya sa mutane da yawa suka ce gara haka.

An san talaucin tashoshi na da hannu, domin kuɗin filin siyasa ke sayen man janareta. Duk da haka abin yi a bayyane yake. Kada furodusa ya bar kowa ya kara waya a makirufo kai tsaye. A karɓi sautin tun da rana, a saurare shi gaba ɗayansa, in guntu aka kawo a nemi cikakken, in an ƙi bayarwa a mayar wa mai shi kuɗinsa. A tambayi wanda ya kawo: wa ya naɗa, yaushe, da wace waya, kuma ya yarda ya sa hannu a takarda? Sannan manaja ya tambayi kansa ko maganar ta taɓa dukiyar jama'a, ko ƙuri'arsu, ko rayukansu. In ba ta taɓa ba, magana ta ƙare. In ta taɓa, a kira mai muryar kafin a watsa, a gaya masa abin da ke hannu, a ba shi lokacin amsawa a cikin shirin guda, a kuma goge duk wurin da aka ambaci iyali ko wani da ba ya cikin rigimar. Sanarwar nan ta cewa ra'ayin mai magana ba na tasha ba ne ba ta kare kowa a gaban alƙali, domin tasha ce ta watsa.

Kai kuma ɗan siyasa da mai riƙe masa waya, ku ɗauka duk saƙon murya takarda ce da kuka sa wa hannu. Wayar da za a kai gyara ko caji a shago a kulle ta, wadda za a sayar a goge ta tas, lambar sirrin da WhatsApp ke turowa kada a karanta wa kowa ko da ya ce daga ofishin jam'iyya yake. Mai sauraro da aka turo wa odiyo, in ya danna ya tura gaba ya shiga sahun masu yaɗawa. Wanda kuwa aka riga aka saka muryarsa, kada ya sayi fili ya rama da tasa odiyon. Ya rubuta rana da lokaci da sunan shirin, ya kai wa tashar takarda yana neman kwafin abin da aka watsa da damar mayar da martani a irin filin da aka taɓa shi, ya riƙe kwafin takardar da aka buga wa hatimin karɓa. Ya kuma ajiye asalin hirar a wayarsa kada ya goge don jin kunya, domin ita ce za ta nuna inda aka yanka. Ya gaggauta, saboda tashoshi na ɗan lokaci ne suke ajiye abin da suka watsa. In tashar ta yi biris, sai ya kai koke ofishin NBC, ya tafi wurin lauya da takardunsa.