3.4 Tausasa Goran-Ruwa da Wuta Domin Lanƙwasawa da Ƙira

A sashen da ya gabata an yi bayani a kan zubi, watau narkar da goran-ruwa a zuba shi cikin ƙasar da aka yi wa siffar tukunya ko ludayi. A nan kuma za a dubi ɗaya hanyar sarrafa wannan ƙarfe, wadda ba a narkar da shi, sai dai a buga shi da guduma ko a lanƙwasa shi ko a ja shi ya zama waya. Ta wannan hanya ce ake samar da murfin tukunya da faranti da moɗa da mariƙin bokiti da mundaye da makamantansu. Matsalar da mai wannan aiki yake fuskanta ita ce, goran-ruwa yana ƙara tauri ne gwargwadon bugun da ya sha, har ya kai matsayin da in aka ƙara masa guduma ɗaya sai ya tsage. Maganin wannan shi ne a mayar da shi wuta a gasa shi zuwa wani zafi sananne, ba tare da ya narke ba, domin laushinsa ya dawo. Wannan shi ake nufi da tausasawa a duk cikin wannan babi.

Ya kamata a tuna cewa goran-ruwa, wanda wasu ke kira alminiyam, baƙo ne a maƙerar Bahaushe idan aka kwatanta shi da baƙin ƙarfe da azurfa da tagulla. Ko a Turai ma sai a shekarar 1825 Hans Christian Ørsted na ƙasar Denmak ya fara ware shi, kuma bai yi araha ba sai bayan 1886, lokacin da Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa suka gano hanyar tace shi da wutar lantarki. Saboda haka yawancin ilimin wuta da maƙera suka gada, a kan baƙin ƙarfe aka gina shi, kuma kamar yadda za a gani, wannan ilimi yana iya yaudarar mai shi in ya zo ga goran-ruwa.

3.4.1 Dalilin Taurin Ƙarfe Bayan Bugu

Duk ƙarfe, komai santsinsa a ido, tarin ƙananan ƙwayoyi ne da suke manne da juna. A cikin kowace ƙwaya, ƙwayoyin zarra suna jere ne sahu-sahu. Amma jerin ba ya cika daidai ko'ina. Akwai wuraren da sahu yake yankewa a tsakiya, ya bar wani ɗan targaɗe. Idan aka lanƙwasa ƙarfe, waɗannan targaɗu ne suke zamewa daga wuri zuwa wuri, shi ya sa ƙarfen yake bin hannu maimakon ya karye kamar kasko. To amma kowane bugu yana haifar da sababbin targaɗu, kuma idan suka yi yawa sai su sarƙe, su tare wa juna hanya. Daga nan ƙarfen ya daina bayarwa. Kowa na iya gwada wannan da guntun wayar lantarki: lanƙwasawar farko da sauƙi take, ta biyar sai da ƙarfi, ba da jimawa ba kuma sai wayar ta tsinke a daidai wurin.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Fallen goran-ruwa tsantsa, irin wanda masana'antu suke yi wa lamba 1100, idan yana tausashe yana iya miƙewa kimanin kashi 35 cikin 100 na tsawonsa kafin ya tsinke. Idan aka murza shi ya kai ƙarshen taurinsa, ƙarfinsa yakan kusa ninkawa biyu, amma miƙewar tasa takan faɗo zuwa wajen kashi 5 cikin 100 kawai.

Abin da wuta take yi shi ne ta ba ƙwayoyin zarra damar motsawa. Da farko sarƙaƙƙun targaɗun sukan ɗan saki. Idan zafi ya ƙaru, sai sababbin ƙwayoyi marasa targaɗe su tsiro, su cinye tsofaffin da bugu ya murƙushe. A wannan mataki na biyu ne laushi yake dawowa sosai. Akwai mataki na uku da ba a so: in ƙarfen ya daɗe a wuta fiye da kima, sababbin ƙwayoyin sukan ci gaba da haɗiye juna har su yi girma, sannan da an lanƙwasa fallen sai fuskarsa ta yi kurji-kurji kamar ɓawon lemo. Irin wannan faranti ba ya ɗaukar gogewa, kuma ba ya daraja a kasuwa.

3.4.2 Matsalar Sanin Zafi

Nan ne wuyar aikin take. Goran-ruwa tsantsa yana tausasa ne a wajen digiri 345 na ma'aunin Selshiyas, wasu ire-irensa kuma sai an kai su digiri 415. Yana narkewa a digiri 660. Wannan na tsantsa ke nan. Wanda aka gauraya da jan ƙarfe, kamar mai lamba 2024, yana fara narkewa ta ciki tun daga wajen digiri 500. Shi kuwa baƙin ƙarfe sai ya wuce digiri 1,500 yake narkewa, kuma wutar gawayi da aka zuga da zugazugi tana wuce digiri 1,000 ba da wata wahala ba. Watau wutar da maƙeri ya saba aiki da ita ta fi ƙarfin goran-ruwa nesa ba kusa ba.

Daɗin daɗawa, baƙin ƙarfe yana gaya wa maƙeri halin da yake ciki ta hanyar launi: ya yi ja, ya yi jawur, ya koma rawaya, sannan fari. Goran-ruwa ba ya yin haka. Yadda yake fari a sanyi, haka yake fari a lokacin da ya isa tausasa, haka kuma yake fari har ya narke. Ɗan jan da yake yi daf da narkewa ba ya ganuwa da rana. Yana kuma da wani siririn ɓawo da iska take yi masa a fuska, wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000. Wannan ɓawo yakan riƙe siffar ƙarfen ko da cikinsa ya zama ruwa, sai kawai a ga falle ya lotsa ya zube cikin gawayi. Almajirin maƙera da ya tsaya jiran ja, to asarar kayan aiki kawai yake jira.

Saboda haka masu aikin goran-ruwa a ƙasashe da dama suka nemi alama daga wajen ƙarfen. Wadda ta fi sauƙi ita ce ta sabulu. Ana goge ƙarfen ya fita daga maiƙo da datti, a zizara masa busasshen sabulun wanki na sanda a fuska ɗaya, sannan a ba shi wuta ta ɗaya fuskar. Sabulun zai fara yin ruwan ƙasa, daga baya ya yi baƙi. Yin baƙin nan yana faruwa ne a wajen digiri 400, da an gan shi kuwa sai a janye ƙarfen nan take. Masu walda da masu gyaran jikin mota suna da tasu dabarar: su kunna bakin walda da gas zalla ya shafe fallen da baƙin hayaƙi, sannan su daidaita wutar su riƙa yawo da ita a kai har baƙin ya ƙone ya ɓace. Da irin wannan dabara ake gyara lotsattsen jikin tsohuwar Land Rover, wadda tun fitowarta a 1948 da gamin goran-ruwa da maganiziyam aka yi jikinta. Akwai kuma masu goga tsinken itace a kan ƙarfen, in ya bar baƙin zane kamar na gawayi sun san ya isa. Daga cikin ukun, ta sabulu ce ta fi dacewa da maƙerar gargajiya, domin ba ta bukatar gas, kuma alamarta tana zuwa ne a hankali, tana ba mutum lokacin shiri.

Ko da wace alama aka yi amfani, ba a ajiye wuta a wuri guda. Goran-ruwa yana ɗaukar zafi ya watsa shi kusan sau uku fiye da baƙin ƙarfe, don haka sai an riƙe shi da awartaki ko da kuwa bakinsa ɗaya ne a wuta, a riƙa jujjuya shi sama da garwashi ba tare da zuga ba. Gefuna da wuraren da suka fi sirantaka su suke fara narkewa.

3.4.3 Sanyayawa da Bambancin Ire-iren Goran-Ruwa

Maƙerin baƙi ya san cewa in ya tsoma jan ƙarfen wuƙa a ruwa tauri zai yi. Goran-ruwa tsantsa bai damu da wannan ba. Ko a tsoma shi a ruwa, ko a bar shi ya huce a iska, laushinsa ɗaya ne. Haka abin yake ga wayar lantarki, wadda kashi 99.5 cikin 100 nata goran-ruwa ne, da fallayen da ake yin tukwane da kwanon rufi, masu ɗan manganis ko maganiziyam a ciki. Waɗannan bugu ne kaɗai yake taurara su, wuta kuma ta tausasa su, kuma ana iya maimaita hakan sau da yawa a kan abu guda har a gama ƙirarsa.

Akwai rukuni na biyu da halinsa ya sha bamban. A shekarar 1906 wani Bajamushe mai suna Alfred Wilm ya gasa gamin goran-ruwa mai kimanin kashi 4 cikin 100 na jan ƙarfe, ya tsoma shi a ruwa, ya ajiye. Da ya sake auna shi bayan 'yan kwanaki, sai ya tarar ya yi tauri da kansa, ba wanda ya taɓa shi. Wannan gami shi aka sayar da sunan Duralumin, aka kuma ƙera jiragen sama da shi. Dalili kuwa shi ne, zafi mai yawa yana narkar da jan ƙarfen cikin goran-ruwa kamar sukari a shayi, tsomawa a ruwa ta kulle shi a haka, sannan a hankali ya riƙa fitowa yana taruwa ƙanana-ƙanana, yana tare wa targaɗu hanya. Shi ya sa a masana'antar jirgin sama ake ajiye wasu ƙusoshin ribit a cikin ƙanƙara bayan an tsoma su, don kada su taurare kafin a buga su. Firam ɗin taga mai lamba 6063 da bututu da sanduna masu lamba 6061 duk 'yan wannan rukuni ne, sai dai su maganiziyam da silikon ne a cikinsu. Cikakkiyar tausasa su tana bukatar a riƙe su a digiri 415 na awa biyu zuwa uku, sannan a sauke zafin a hankali, kada ya wuce digiri 28 a kowace awa, har ya sauko 260. Ba a iya wannan a wutar gawayi. Abin da ya fi kusa da shi shi ne a binne ƙarfen cikin toka mai zafi a bar shi ya kwana.

Rukuni na uku shi ne na zubi, kamar fistin da kan injin mota da tsofaffin tukwanen zubi. Waɗannan suna da silikon mai yawa, wani har kashi 12 cikin 100, kuma silikon ɗin yana zaune ne a ciki kamar tsakuwa a tuwo. Wuta ba ta kawar da shi. Duk gashin da aka yi wa irin wannan ƙarfe, in aka matsa masa da lanƙwasa karyewa zai yi, amfaninsa kawai a sake narkar da shi. Tun da yake mafi yawan goran-ruwan da yake isa hannun maƙera daga 'yan gwangwan yake fitowa, babu lamba babu takarda, to sanin abin da guntun ƙarfe ya kasance a da shi ne matakin farko na aikin, tun kafin a hura wuta.

3.4.4 Abin da Ake Rasawa

Laushin da ake samu da ƙarfi ake saye shi. Faranti ko murfi ba su da matsala, domin bugun da za su sha bayan gashi zai mayar musu da taurinsu. Amma ƙarfen rukuni na biyu da aka tausasa ba ya komawa yadda masana'anta ta fitar da shi ta hanyar bugu kaɗai. Sandar 6061 da aka tausasa sosai, nauyin da za ta ɗauka kafin ta lanƙwashe yakan ragu zuwa wajen kashi ɗaya cikin biyar na asali, alhali a ido ba abin da ya canza a jikinta. Idan abin da aka gasa don a miƙe shi matakalar tsani ce, ko firam ɗin keke, ko ƙafar keken guragu, mai shi zai karɓe shi a miƙe sumul, ya biya kuɗin gyara, ya hau, ba tare da ya san cewa wurin da wuta ta taɓa ya zama mafi rauni a jikin abin ba. Mayar da irin wannan ƙarfe ga ƙarfinsa yana bukatar a kai shi wajen digiri 530, a tsoma shi a ruwa, a sake riƙe shi na awoyi a wajen digiri 175, wanda sai da tanda mai ma'aunin zafi ake iya yi.