Sabuwar Zuciya Ma Jijiyoyinta Na Tsufa

A zauruka da bakin masallatai na Zangon Paraku da na Jugu, duk lokacin da aka kawo zancen dashen zuciya sai ka ji an ce: "Ai Turawa sun gama komai, in ta lalace sai a sake wata kamar injin mota." To jama'a, maganar ba nan ta tsaya ba. Mun ga ya kamata a wannan wata mu ba masu karatu labarin abin da ke biyo bayan dashen, domin akwai darasi a ciki ga mu da ke yawo da zuciyarmu ta haihuwa.

Dashen zuciya na farko a duniya, a nan Afirka aka yi shi. Ran 3 ga Disamba 1967, Dokta Christiaan Barnard ya yi wa wani mutum mai suna Louis Washkansky aikin a asibitin Groote Schuur da ke Cape Town, Afirka ta Kudu. Kwana 18 ya yi a raye, ciwon huhu ya kashe shi. A Janairun 1968 Barnard ya sake yi wa wani likitan haƙori, Philip Blaiberg. Shi kam ya warke, ya koma gida, jaridun duniya suka yi ta buga hotunansa. Amma a Agustan 1969, bayan wata 19, ya rasu. Da likitoci suka duba zuciyar, sai suka tarar da abin mamaki. Zuciya ce ta matashi ɗan shekara 24, amma cikin ƙasa da shekara 2 jijiyoyinta sun yi kauri sun tsuke kamar na tsoho tukuf.

Wadanne jijiyoyi ne waɗannan? Zuciya tsoka ce, ita ma tana bukatar abinci. Akwai manyan jijiyoyin jini guda 2 da suka kewaye ta, dama da hagu, suna rarrabuwa zuwa ƙananan rassa. Lafiyayyar jijiya tana da taushi kamar sabon tiyo na roba. In mutum ya hau tudu ko ya ɗauki kaya, sai ta buɗe jini ya ƙaru, in ya huta ta koma yadda take. Wannan taushi shi ne lafiyarta.

Matsalar wanda aka yi wa dashe ita ce jikinsa bai yarda da baƙuwar zuciya ba. Garkuwar jiki tana ɗaukar ta abokiyar gaba, tana kai mata hari sannu a hankali, kuma fatar cikin jijiyoyin nan ce farkon abin da take tararwa. Wurin ya yi rauni, ya warke, ya sake yin rauni, har bango ya yi kauri, hanya ta matse, taushi ya tafi. Toshewar da muka saba ji ga masu hawan jini da ƙiba, wuri ɗaya ko biyu take kamawa, likita na iya buɗe wurin. Wannan kuwa tana bin jijiya tun daga tushe har ƙananan rassa, shi ya sa gyaranta ke da wuya. In ta yi nisa, sau da yawa sai dai a nemi wata zuciyar. Ƙididdigar ƙungiyar likitocin dashen zuciya da huhu ta duniya ta nuna kusan rabin waɗanda suka kai shekara 10 da dashe suna da wannan cuta.

Abin da ya fi haɗari, ba ta cika yin sallama ba. Lokacin aiki ana yanke jijiyoyin saƙo da ke haɗa zuciya da ƙwaƙwalwa, saboda haka mai dashe na iya samun toshewa mai tsanani ba tare da ya ji ciwon ƙirji ba. Sai dai gajiya, ko haki, ko kumburin ƙafa. Don haka likitoci ba sa jiran ya yi kuka, lokaci lokaci sukan zura siririn bututu su ɗauki hoton jijiyoyin.

An samu ci gaba, ba shakka. Tun farkon shekarun 1980 da aka fara amfani da maganin ciclosporine, masu dashe suka fara daɗewa. A 1995 wani bincike a Amurka ya nuna maganin rage kitsen jini, pravastatine, yana rage wannan kauri, kuma yanzu kusan kowane mai dashe ana ba shi irinsa. Yau rabin manya da aka yi wa aikin suna wuce shekara 10. Tun a zamanin farko ma, wani Bafaranshe a Marseille, Emmanuel Vitria, ya rayu daga 1968 har 1987 da zuciyar wani.

Ina ruwanmu da wannan a Borgu da Donga? Na farko, muna da 'yan'uwa a Faransa da sauran ƙasashen Turai. In wani da aka yi wa dashe ya zo ganin gida, kada a ce masa: "Ka warke, ka bar ƙwayoyin nan, ga jiƙo." Maganinsa na har abada ne, tsallake shi na iya jawo ajali, kuma wasu saiwoyi da ganyaye suna ɓata aikinsa. Zancen azumi ma, sai da shawarar likitansa.

Na biyu, ba a dashen zuciya a ƙasarmu Benin. Wadda Allah Ya ba mu, ita ce jarinmu. Abubuwan da likitoci ke tsare mai dashe daga gare su, su ne ke busar da jijiyoyin kowa: hawan jini, ciwon suga, kitse a jini, da taba. Binciken da ma'aikatar lafiya ta yi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ya nuna kusan mutum 1 cikin 4 na manya a Benin na da hawan jini. Shi ma ba ya sallama. Ɗan kasuwa na zaune a rumfarsa a Arzeke yana jin garau, alhali jini na dakan jijiyoyinsa dare da rana.

Kakanninmu fatake da suka bi hanyar goro daga Kano ta Jugu zuwa Gwanja, da ƙafa suka yi ta. Mu kuwa daga gida sai babur, daga babur sai benci. Abin yi a bayyane yake. A rage gishiri da dunƙulen magi a miya, domin gram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi, shi ne iyaka. A yi tafiyar ƙafa ta minti 30 mafi yawan kwanaki. A bar taba. A riƙa awon jini a asibitin unguwa ko kantin magani, in aka ga yana kai 140 bisa 90, ko 14 bisa 9 yadda ake faɗa a nan, a ga likita. Wanda aka ɗora bisa magani kada ya bari don ya ji sauƙi. Mai ciwon ƙirji ko haki kada ya tsaya, ga babban asibitin jami'a a Paraku, ga asibitin Ordre de Malte a Jugu.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.