Sayen bashin jingina: Abin da doka ta tanada kafin a miƙa kuɗi a kan gida ko gona a Shagari da Boɗinga

Jinginar da gona ko gida domin karɓar rance tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, kuma har yau tana nan a garuruwan da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, irin su Boɗinga da Shagari. Manomi ko ɗan kasuwa yakan karɓi kuɗi, ya ajiye takardar filinsa a hannun mai rance, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu. Yakan kuma faru mai rancen ya matsu kafin wa'adi ya cika, sai ya nemi wanda zai saye takardar bashin. A ce bashin na naira miliyan 5 ne, sai ya saki takardar a kan miliyan 4, mai saye ya jira cikar wa'adi ya karɓi miliyan 5, ko kuma ya koma kan filin idan an kasa biya.

Ga ɗan kasuwar birni, ko ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama, wannan ciniki na iya zama kamar riba ce a fili. Sai dai wanda ya sayi irin wannan takarda bai sayi gida ko gona ba. Abin da ya saya shi ne haƙƙin da mai rancen farko yake da shi, kuma idan wancan haƙƙi bai tsaya a gaban doka ba, babu abin da ya shigo hannunsa face takarda.

Ƙasa amana ce a hannun gwamna

Tushen al'amarin shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa a ranar 29 ga Maris na wannan shekara. An sanya ta cikin Tsarin Mulkin 1979, wanda Alhaji Shehu Shagari, ɗan wannan gari na Shagari, ya yi mulki a ƙarƙashinsa, kuma tana nan a cikin Tsarin Mulkin 1999. Dokar ba baƙuwa ba ce a Arewa, domin ta ɗauki salonta ne daga dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962.

Sashe na 1 ya damƙa dukkan ƙasar jiha ga gwamna a matsayin amana. Abin da mutum yake riƙe da shi haƙƙin zama da amfani ne, kuma iri biyu ne. Akwai wanda gwamna yake bayarwa, wanda akasari ake ba da takardar shaidarsa da aka fi sani da C of O. Akwai kuma na gargajiya, wanda ƙaramar hukuma take bayarwa a wuraren da gwamna bai ayyana a matsayin birni ba. Don haka tambayar farko ga mai son sayen takardar jingina a Shagari ko Boɗinga ita ce: a wane rukuni filin yake? Amsar ce take nuna ofishin da ya kamata a ga hatiminsa a kan takardar.

Idan haƙƙin na gwamna ne, sashe na 22 ya hana a sayar, ko a jinginar, ko a sauya hannu ba tare da amincewar gwamna ba. Idan na gargajiya ne, sashe na 21 ya ce sai da amincewar ƙaramar hukuma, sannan idan kotu ce ta ba da umarnin sayarwa, sai an samu amincewar gwamna. Sashe na 26 kuwa ya rufe ƙofa, inda ya ce duk cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. Sa hannun mai unguwa ko hakimi shaida ce mai daraja a kan cewa an yi ciniki, amma ba ita ce amincewar da waɗannan sassa suke nufi ba.

Gonakin gado na karkara suna da ƙarin matsala. Sashe na 36, wanda ya shafi filayen da ba na birni ba da ake riƙe da su tun kafin 1978, ya hana a yanka su fuloti-fuloti ko a miƙa su ga wani, har ya tanadi tarar naira 5,000 ko ɗaurin shekara ɗaya ga wanda ya saɓa. Ko da yake jama'a sun ci gaba da cinikin gonaki bisa al'ada, wanda ya tsinci kansa a gaban babbar kotu zai tarar sashen yana nan daram.

Darasi daga Kotun Ƙoli

Bankuna ma sun taɓa ƙonewa a kan wannan batu. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1989, an jinginar wa bankin wata kadara a Legas ba tare da an nemi amincewar gwamna ba. Da bankin ya tashi sayarwa saboda rashin biya, mai kadarar ya garzaya kotu, kotu kuma ta ce jinginar ba ta da inganci. A 1995, a shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe, kotun ta fayyace cewa babu laifi a tsara yarjejeniya kafin amincewar ta fito, amma ba ta cika sai an same ta. A 2007 kuma, a shari'ar Union Bank da Ayodare, an rushe jingina saboda jami'in da ya sa hannu a takardar amincewa ba shi ne doka ta ba wannan iko ba.

Rushewar jingina ba ta shafe bashin kansa, amma tana mayar da mai takarda cikin sahun masu bin bashi na yau da kullum, waɗanda ba su da wata kadara da za su riƙe.

Matakan da ake bi

Mataki na farko shi ne bincike a rajistar filaye ta jiha da ke Sakkwato, ko a ofishin filaye na ƙaramar hukuma, domin a tabbatar da sunan mai filin, da ko an riga an jinginar wa wani, da ko gwamnati ta soke haƙƙin. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon sokewa saboda buƙatar jama'a, kuma diyyar da ake biya ta gini ce da shuka da sauran aikin da aka yi a kan fili. Wannan ya shafi filayen da ke bakin babbar hanya ko kusa da ayyukan ban ruwa, irin na madatsar ruwa ta Shagari.

Na biyu shi ne ganin filin da ido da tambayar maƙwabta. Gidan gado da ba a raba ba mallakar magada ne gaba ɗaya, kuma ɗaya daga cikinsu ba shi da ikon jinginar da rabon 'yan uwansa.

Na uku, a tabbata an biya harajin kan sarki a kan takardar jinginar, an kuma yi mata rajista, domin a rikicin masu haƙƙi biyu a kan fili ɗaya wanda ya riga yin rajista ne yakan sha gaba. Idan kamfani ne ya ci bashin, dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta a yi wa jinginar rajista a hukumar CAC cikin kwana 90.

Na huɗu, miƙa bashin daga mai rancen farko zuwa mai saye ya kasance a rubuce, a kuma sanar da wanda ake bi a rubuce. In ba haka ba, zai iya ci gaba da biyan na farko, kuma biyan nasa ya karɓu. Tun da jinginar kanta za ta sauya hannu, lauyoyi sukan nemi sabuwar amincewa da sabuwar rajista da sunan mai saye.

Na biyar, rashin biya ba ya ba mai takarda izinin fasa ƙofa ko korar iyali. A ƙa'idar da aka gada daga dokar Ingila ta 1881, wadda aka daɗe ana aiki da ita a jihohin Arewa, mai cikakkiyar jingina yakan ba da sanarwar wata 3 kafin ya sayar, sai dai idan yarjejeniya ta tanadi wani abu daban. Wanda takardun fili kawai aka ajiye masa kuwa, sai ya bi ta kotu. Kuma duk abin da ya yi saura bayan an cire bashi da ɗawainiya, na mai filin ne.

Matsayin shari'ar Musulunci

A Jihar Sakkwato, inda kotunan shari'a suke sauraron rikicin bashi tsakanin Musulmi, akwai mizani na biyu. Ayoyi na 282 da 283 na Suratul Baƙara sun yi umarni da rubuta bashi, sun kuma halatta jingina. A mazhabar Malikiyya jingina ba ta cika sai abin ya shiga hannun mai bin bashi ko wani amintacce. Malamai sun kuma hana mai rance ya ci amfanin gonar da aka jinginar masa saboda rancen, domin rance ne da ya jawo amfani. Sayen bashin miliyan 5 da kuɗi hannu miliyan 4 kuwa musayar kuɗi ce da kuɗi tare da ƙari da jinkiri, wato riba. Malikawa sun yarda a sayar da bashi ga wani ne kawai bisa sharuɗɗa, ciki har da cewa wanda ake bi yana nan kuma ya amsa bashin, a biya farashi nan take, kuma farashin kada ya zama jinsin bashin. Saboda haka takardar da ta cika dukkan sharuɗɗan ma'aikatar filaye tana iya faɗuwa a gaban alƙali.

Yadda ake yi a matakin ƙasa

Cinikin bashin gidaje sana'a ce da hukumomi suke sa wa ido. Kamfanin NMRC, wanda aka kafa a 2013, yana sake ɗaukar nauyin rancen gidaje da bankuna suka bayar, yana kuma tara kuɗi ta hanyar sayar da takardun lamuni a kasuwar hannun jari. Hukumar AMCON, wadda aka kafa a 2010, ta saye basussukan bankuna da suka gagara biya, kuma sai da aka yi mata doka ta musamman. Duk wanda yake tara kuɗin jama'a da alkawarin zuba su a irin waɗannan takardu, dole ne ya yi rajista da hukumar SEC. Rikicin tattalin arzikin da ya taso daga Amurka a 2008 ya samo asali ne daga sayar da basussukan gidaje hannu zuwa hannu, ba tare da masu saye sun san ƙarfin waɗanda ake bi ba.

Ƙa'idar ɗaya ce ko a Legas ko a Shagari. Kafin a ƙirga kuɗi, mai saye yana buƙatar ganin asalin takardar fili, da amincewar hukumar da ta dace, da shaidar rajista, da amsawar wanda ake bi a rubuce, sannan ya ji ta bakin lauya da malami. Kuɗin da za a kashe a wannan bincike kaɗan ne idan aka kwatanta da na shari'ar da kan ɗauki shekaru, a tsakanin mutanen da galibi 'yan uwa ne ko maƙwabtan juna.