Tayar Keke a Ƙasar da Laka Ba Ta Yankewa

A mafi yawan ƙasar Hausa, mai keke yana fama da taɓo wata huɗu ne kacal. Da zarar ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, sai ƙura da rairayi har wata shekara. Ban da Kura, Bunkure da Garun Malam. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwanta ta kanal zuwa gonakin wannan yanki, mutanen nan suka samu damina biyu, ta sama da ta ƙasa. A tsakiyar hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa a birnin Kano, manomin alkama ko tumatir a Kadawa yana fita da sanyin asuba ya tarar ruwan da maƙwabcinsa ya saki jiya ya ɓalle kunya ya kwanta a kan hanya. Saboda haka wanda zai sayi tayar keke a nan, da jiƙaƙƙiyar ƙasa zai yi lissafi, kusan duk shekara.

Maganar ta ƙara nauyi tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da mutane da dama suka jingine babur suka kakkaɓe kekunan da suka daɗe a zaure. Akwai tsohon baƙin keke mai kariya, irin su Raleigh da Phoenix da Hero, jakin manomi. Akwai na gwanjo masu giya da faffaɗar taya. Ga kuma siraran kekunan tsere da samari ke sha'awa. Kowanne da tayar da ta dace da shi, amma da yawa daga masu saye abu biyu kawai suke dubawa: kuɗin, da ƙyallin baƙin robar.

A fara da abin da ya fi jawo asara tun kafin a bar kasuwa, wato lamba. Mutum zai ce wa mai shago "ba ni ashirin da takwas", ya ɗauka magana ta ƙare. Alhali tayoyi biyu ne ke amsa wannan suna, kuma ba sa shiga wili ɗaya. Ta tsohon baƙin keke an rubuta mata 28 x 1½, faɗin bakinta milimita 635. Ta kekunan Turai na zamani ita ma akan rubuta mata 28, ko 700C, amma bakinta milimita 622 ne. Bambancin milimita 13 ya isa ya sa ɗaya ta ƙi shiga ko da an karya cokali uku, ɗayar kuma ta yi lakwam ta fice a kan hanya. Haka abin yake a 26: ta keken dutse 559 ce, mai lamba 26 x 1⅜ kuwa 590. Mafita ita ce a duba gefen tsohuwar tayar, a nemi lambobi biyu da ƙaramin layi a tsakaninsu, kamar 40-635. Ta farko kaurin tayar ce, ta biyu bakin wili. Ta biyun ba a yi mata ciniki. Ta farkon ce ke da zaɓi, kuma a nan maganar take.

Taya mai kauri ta fi siririya a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ba ni da shakka a wannan. Dalili kuwa, mai kauri tana ɗaukar nauyi ɗaya da iska kaɗan, sai ta ɗan baje, ta kama ƙasa da faɗi, ta lanƙwasa ta haɗiye tsakuwa maimakon ta yi tsalle a kanta. Siririya mai milimita 23 ko 25 sai an cika ta tam, ta yi tauri, ta riƙa yanka laka tana nutsewa. Ko Turawan da suka ƙera kekunan tseren sun dawo daga rakiyar sirantaka. A gasar Paris-Roubaix ta Faransa, wadda aka fara tun 1896 a kan hanyoyin duwatsu masu santsi, mahaya yanzu sun koma tayoyi masu kaurin milimita 30 zuwa sama. Saurayin da ke zirga-zirga tsakanin Ƙarfi da Kura a keken tsere, in jikin keken zai karɓi 28 ko 32, ya sa. Gudunsa ba zai ragu yadda yake tsoro ba, ƙugunsa kuma zai gode masa.

Sai dai kauri yana da iyaka, kuma laka ce ke yanke iyakar. A ɗauki keke a duba ratar da ke tsakanin taya da murfin da ke kare fallatsi, da kuma tsakaninta da ƙarafan jikin keken. In ɗan yatsa ba zai ratsa ba, to a gonar shinkafa za a sha wuya. Wanda ya taɓa bin gaɓar kanal bayan ruwan Agusta ya san yadda abin ke faruwa. Da farko tayar ta ɗauki laka siririya. Wannan ta kama ciyawa da karan shinkafa, su kuma su kama wata lakar, tana naɗuwa kamar tuwo a muciya, har ta cushe ƙarƙashin murfin. Feda ta yi nauyi, sannan ƙafar ta ƙi juyawa gaba ɗaya. Sai ka ga dattijo ya sauka, ya karyo tsinke yana sakace laka, taku ashirin ya sake sauka. Shi ya sa wasu manoma ke kwance murfin gaba ɗaya da damina, su yarda rigarsu ta ɓaci. Gara a sa tayar da ta ɗan fi siranta a bar wa laka hanyar wucewa, da a cusa ƙatuwar da za ta toshe.

Batun zanen taya ne ya fi rikita mutane, don amsar ta danganta da inda ake hawa. A kan kwalta, zane kusan ado ne. Mota tana buƙatar zurfafan layuka saboda tayarta faffaɗa ce, gudunta ya yi yawa, ruwa na iya shiga ƙarƙashinta ya ɗaga ta daga titi. Tayar keke kuwa wurin da take taɓa ƙasa ɗan ƙarami ne, mai siffar ƙwallon dabino, yana matse ruwan gefe da kansa, kuma babu mai ƙafar da zai kai gudun da ruwa zai ɗaga shi. Abin da ke riƙe mutum a jiƙaƙƙiyar kwalta shi ne irin robar. Mai ɗan taushi tana shiga ƙananan ramukan titi ta kama, busasshiya mai tauri tana zamewa. Manyan haƙora ma illa suke yi a kwalta, don a kwana suna lanƙwashewa, ga ƙugi, ga cin ƙarfi.

A laka labarin ya juya. Nan ƙasar ce ta fi robar taushi, don haka dole tayar ta sami abin da za ta kafa. Ana son haƙora masu tsayi, kuma masu tazara, domin lakar da ta shiga ta fita da kanta yayin da ƙafar ke juyawa. Haƙora ƙanana a cunkushe cikewa suke yi nan take, tayar ta koma sumul. A Beljiyam da Holan, inda ake tseren keke a cikin taɓo da sanyin hunturu, dokar gasar ta hana taya wuce milimita 33, amma haƙoranta a warwatse suke saboda wannan dalili. To mutumin Bunkure fa, wanda zai bi kwalta kilomita biyar, ya sauka burji, ya ƙarasa a kan kunya? Abin da ya fi masa shi ne mai layi a haɗe a tsakiya, da haƙora a gefe da gefe. Tsohon zanen tayar baƙin keke, mai ƙananan murabba'ai, ba laifi a burji da rairayi, amma a laka mai danƙo sai a hankali.

Akwai santsin da babu tayar da ke maganinsa, kuma yankin nan yana da nasa na musamman. Gansakukar da ke kan simintin kwalbati da bakin kanal. Shinkafar da ake shanyawa a gefen titi lokacin kaka, wadda ƙwayoyinta ke mirginawa ƙarƙashin taya. Ruɓaɓɓen tumatir da aka zubar a Kwanar Gafan idan kasuwa ta cika. Da kwaltar hanyar Kano zuwa Zariya a ruwan farko, lokacin da baƙin man da manyan motoci suka ɗiga duk rani ya taso sama. A irin waɗannan wurare a miƙe keke, kada a karya kwana, kada a damƙe birkin gaba.

Masu faci sun san kasuwarsu ta fi ci idan ƙasa ta jiƙe, ko da ba kowa ne ya tsaya ya tambayi dalili ba. Ruwa yana wanko ƙaya, ƙusa da fasasshiyar kwalba zuwa kan hanya. Jiƙaƙƙiyar taya tana ɗaukar su su manne, kowane juyi yana ƙara tura su ciki. Sannan ruwa yana sa abu mai kaifi ya ratsa roba cikin sauƙi. Mai yankan tsohuwar taya don yin takalmi ko guga yakan jiƙa wuƙarsa saboda haka. A ƙara da abin da ƙasarmu ta tanada: tsidau, ƙashin yawo, ƙayar aduwa da ta bagaruwa da aka sare aka yi shinge da su. Kamfanonin Turai suna yin tayoyi masu ɗamara a ƙarƙashin zanen, kamar Marathon Plus ta Schwalbe mai ɗamarar milimita 5, amma kuɗinta ba na manomi ba ne. Dabarar da ake yi a gida ita ce a yanke tsohon tiyub ko tsohuwar taya a shimfiɗa a ciki. Tana aiki a kan ƙaya, sai dai in ba a goge bakin yankan ya yi laushi ba, shi da kansa zai ci tiyub ɗin. Abin da ya fi wannan araha shi ne minti biyu da yamma: a juya ƙafar a hankali, a bi ta da ido, a cire duk ƙayar da ta kafe kafin ta ƙarasa ciki.

Na taɓa zama a rumfar wani mai faci, wani bawan Allah ya turo keke da buhun taki a kariya, yana faɗa tun daga nesa wai jiya-jiya aka yi masa faci. Mai facin bai ce komai ba. Ya zaro tiyub ya ba shi iska, ya tsoma a kwanon ruwa, sai ga kumfa daga wuri biyu, ƙananan tsagu a jere. Ya ɗago ya ce, "Baba, wannan ba ƙaya ba ce, iskarka ce ta yi kaɗan. Ka faɗa rami da kaya, wili ya cije tiyub." Huda biyu a jere galibi wannan take nufi. Huda ɗaya a bayan tiyub ƙaya ce. Huda a cikinsa, ta ɓangaren wili, kan sifok ne ya ɓullo ko tsatsa ta ci ƙarfen, kuma a yankin da keke ke kwana da laka da ɓurɓushin taki, tsatsa ba ta jira.

Ke nan iska ita ce rabin aikin, kuma kyauta ce. Idan ƙasa ta jiƙe a ɗan rage ta, musamman a gaba, don tayar ta kama. Idan za a ɗora buhu mai kilo 50 ko kwandon tumatir, a ƙara ta baya. Matsa taya da babban yatsa ba ya faɗin gaskiya, domin taya mai kaurin jiki tauri take yi ko iskarta rabi ce. A hau keken da kayansa, wani ya duba daga gefe: tayar ta ɗan yi ciki kaɗan, kada ta baje, kada kuma ta tsaya ƙiƙam kamar ba kowa a kai. A gefen kowace taya an rubuta iyakar iskar da take ɗauka. Injin mai facin mota yana iya wuce wannan iyaka cikin ƙiftawar ido, don haka famfon hannu ya fi aminci.

Wurin saye, a ɗauki tayar a hannu. A lanƙwasa gefenta a duba ko akwai ƙananan tsagu. Rana da zafi suna tsofar da roba ko ba a taɓa hawanta ba, kuma wadda ta shekara rataye a ƙofar shago ta riga ta fara mutuwa. A danna farce a zanen, in ya shiga ya dawo, robar na da rai. A bi wayar bakin da yatsa, kada a karɓi mai lanƙwasa ko tsatsa. A leƙa ciki a ga zaren a jere yake ba gibi. Ta gwanjo mai suna na iya fin sabuwa marar asali, amma fa shekarunta ake saye tare da ita.

In kuɗin taya ɗaya ne a aljihu, mutane sukan sa sabuwar a baya, tunda ita ce ke saurin suɗewa. Ni dai ga mai hawa ba kaya, gaba nake ba shawara, a mayar da ta gaban baya. Ƙafar baya in ta zame akan iya dafe ƙasa a tsira, ta gaba in ta zame sai dai a tsinci mutum, wani lokaci a cikin kanal. Mai dakon buhu kuwa lissafinsa daban ne, don taya mai rauni a ƙarƙashin kaya fashewa take yi; shi ya sa mai ƙarfin a baya, ya daure ya sauya ta gaban kafin ta yi sumul.

Taya tana iya kama ƙasa birki ya ƙi kama wili. Tsohon baƙin keke mai birkin sanda da wilin ƙarfe mai ƙyalli, in ya ratsa ruwa, damƙar farko kusan ba ta yin komai sai ƙafar ta juya sau da yawa robar birkin ta share ruwan. Duk wanda ya fito daga kududdufi ya ɗan riƙe birki yana tafiya har ya ji ya fara ci, tun kafin ya iso gangaren kwalbati ko bakin babban titi. Lakar da ke maƙale a robar birkin kuma a wanke ta a gida da ruwan bokiti. Tsoma keke a kanal yana fitar da laka da sauri, amma ruwan yana shiga cibiyar ƙafa ya wanke giris, bayan mako biyu a fara jin ƙara.